Lambar Waya Taka Ce, Mabiyanka Fa Na Wane Ne?

A garinmu Gidan Goga akwai wata rumfar caji da nake yawan zama a cikinta bayan la'asar. Tebur ne na katako da aka jera wa soket layi-layi, ga faifan sola a kan rufin kwano, ga ƙaramin janareta a gefe saboda ranar da hadari ya rufe rana. Yaron da ke kula da rumfar yakan manna wa kowace waya 'yar takarda mai lamba, ya miƙa wa mai ita makamanciyarta. Abin da idona ya fi tsayawa a kai shi ne wata ƙusa a jikin ginshiƙi, wadda ya rataye igiyoyin caji a kanta cunkus. Akwai mai siririn baki ta tsohuwar Nokia, akwai mai ɗan faɗi ta wayoyin shekarun baya, akwai sabuwar da ba ta da gaba ba ta da baya, sannan ga ta iPhone da ba ta shiga kowace waya sai tata.

Wata rana na tambaye shi dalilin tara igiyoyi haka. Ya ce, "Malam, wuta ɗaya ce, baki ne kowa da nashi. In ban aje duka ba, wani da matacciyar waya zai koma gida." Ya ƙara da cewa yanzu abin ya fara sauƙi, domin sababbin wayoyi kusan duk baki ɗaya suke zuwa da shi. Ɗaya daga cikin dalilan wannan sauƙi daga nesa ya taso. Tarayyar Turai ce ta kafa doka cewa daga ƙarshen Disambar 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta zo da bakin caji iri ɗaya, har kamfanin Apple da ya daɗe yana turjiya ya sauya tun a 2023. An yanke magana a Turai, amfaninta ya iso rumfar kwano a ƙasar Maradun.

Irin wannan rigima ce ake yi yanzu a kan shafukan sada zumunta, sai dai ita ba a rataye ta a ƙusa balle a gani. Ni ma ban damu da ita ba sai da ta shigo mana gida.

Ƙanwata tana aure a Talata Mafara, sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Shekara huɗu ta yi tana tara masu saye a wani dandali. Ta jera kwalabe a kan faranti ta ɗauki hoto ta ɗora, matan Gusau da Sakkwato da Kano su yi magana, ta ba direba a tasha ya kai. Wata safiya ta tarar an shige mata asusu an canja lambar sirri, bayan kwana biyu shafin ya ɓace gaba ɗaya. Na same ta zaune a tabarma, wani tsohon littafin makaranta mai shuɗin bango a cinyarta, tana bin layi da yatsa. A ciki take rubuta lambar wayar duk wadda ta taɓa biyan ta kuɗi. Ta ce, "Yaya, ba hotunan ke ci mani rai ba, suna nan a memori. Mutanen nake ji. Waɗanda na rubuta lambarsu na same su, sauran kuwa ban san ta inda zan bi ba." Lamba arba'in da 'yan kai ce a littafin. Da su ta sake tashi.

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya. Me ya sa lambar waya take bin mai ita duk inda ya nufa, amma jama'ar da mutum ya tara da guminsa a dandalin zumunta ba ta bin sa ko nan da can?

Mu fara da wayar. A Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya. Waɗanda suka ga lokacin sun san kiran layin wani kamfani ya fi tsada, shi ya sa muka rungumi waya mai sim biyu da hannu bibbiyu. Amma ko a wancan lokaci kiran yana shiga. Mai MTN bai taɓa buƙatar sayen layin Glo don ya gaida surukinsa ba, saboda kamfanonin duk ƙa'ida ɗaya suke bi wajen ɗaukar murya, kuma hukumar sadarwa ta NCC ta wajabta musu haɗa hanyoyinsu. A ranar 22 ga Afrilun 2013 hukumar ta ƙara mataki: ta ba kowa damar barin kamfanin da ya gaji da shi ya koma wani da lambarsa a hannu. Daga ranar lamba ta zama ta mai ita.

Haka banki. Ka tsaya a kasuwar Mafara ranar Talata ka kalli mai sayen shinkafar Bakolori. Asusunsa a wani banki yake, manomin kuma Opay ko Moniepoint gare shi, amma ana danna lamba goma sai ka ji alat ya shigo kafin a gama ɗinke bakin buhu. Babban Bankin Nijeriya ne ya sa kowane asusu ya zama lamba goma, kamfanin NIBSS kuma, wanda bankunan da Babban Bankin suka mallaka tare, ya shimfiɗa hanyar tura kuɗi nan take tun 2011. Imel ma haka yake. Mai Gmail yana rubuta wa mai Yahoo ba tare da neman izinin kowa ba, don tun 1982 aka rubuta ƙa'idar aika wasiƙa a intanet, kuma ba ta zama mallakar wani kamfani ba.

Shafukan zumunta ne suka fita daban. Wanda ke TikTok ba ya iya bin wanda ke Facebook. Mai Telegram ba ya iya aika saƙo ga mai WhatsApp. Kowane dandali gida ne mai doguwar katanga, ƙofar shiga a buɗe hanhai, amma ranar fita daga kai sai rigar wuyanka. Dalili kuwa a fili yake. Talla ce abincinsu, mai talla kuma yawan jama'a da daɗewar zamansu yake biya. Abin da ke riƙe ka a gidan ba kyan gini ba ne, 'yan uwanka da abokan cinikinka ne da ke ciki. In aka bar ka ka fita da su, igiyar ta tsinke.

Tsararrakina sun ɗanɗani wannan tun da wuri. Mun raba dare a 2go, manhajar nan ta Afirka ta Kudu da ke aiki a ƙananan Nokia, muka yi abokai daga Zariya har Maraɗi. Da jama'a suka kwashe zuwa WhatsApp da Facebook, duk wanda ba ka karɓi lambarsa ba ya tafi ke nan. Masu hali da suka riƙe BlackBerry suna musayar lambar BBM, ita ma an rufe ta a ƙarshen Mayun 2019, kusan wata biyu bayan Google ya rufe dandalinsa na Google+. A shekarar ce kuma MySpace, wanda ya taɓa zama dandali mafi girma a duniya, ya amsa cewa waƙoƙi kusan miliyan 50 da mutane suka ɗora a kansa cikin shekara goma sha biyu sun salwanta wajen sauya rumbun ajiya.

Ba yau masana suka fara neman mafita ba. A Nuwamban 2007 Google ya haɗa kai da MySpace da wasu dandamali suka fito da wata ƙa'ida mai suna OpenSocial, don a rubuta manhaja sau ɗaya ta yi aiki a ko'ina. Facebook, da ya buɗe nasa tsarin tun a Mayun shekarar, ya ƙi shiga. A Janairun 2008 ya dakatar da asusun wani sanannen marubucin fasaha na Amurka, Robert Scoble, saboda ya yi amfani da wata manhaja yana kwashe bayanan abokansa zuwa wani wuri. A Mayun 2008 Google ya fito da wata hanyar ɗaukar abokai zuwa wasu shafuka, Facebook ya toshe ta cikin 'yan kwanaki, ya fito da tasa. Kowa yana cewa a buɗe ƙofa, amma ƙofar maƙwabcinsa yake nufi.

Akwai wani labari da masu wannan harka ba su manta ba har yau. An taɓa samun ƙa'idar hira ta kowa da kowa, XMPP, wadda ta samo asali tun 1999. Google ya gina manhajar hirarsa a kanta a 2005, har mai ƙaramin gida yana iya magana da mai Google. Da jama'a suka taru, a 2013 kamfanin ya koma sabon tsari nasa na kansa, hanyar ta toshe. Facebook ma ya taɓa barin a shiga hirarsa ta wannan ƙa'ida, ya rufe a 2015. WhatsApp ɗin da muke riƙe da shi ma daga ita aka sassaƙo shi, aka gyara ta yadda ba ya magana da kowa sai kansa.

Duk wanda ya taɓa awon hatsi zai gane inda gizo ke saƙar. Babu mai musun cewa kasuwa tana buƙatar mudu. Rigimar ita ce mudun wa za a ɗauka. Tiyar wata kasuwa ta fi ta wata, kwanon wani an bubbuga gindinsa, wani kuma a tsaye yake cika shi har da tozo. Wanda aka ɗauki mudunsa shi ke da kasuwa, saura sai su bi. Yau manyan mudu uku ne ke takara a duniyar zumunta ta intanet, kuma ya kamata mai karatu ya san su ko da bai taɓa amfani da ɗaya ba.

Na farko sunansa ActivityPub. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙirƙiro yanar gizo, ya kafa a 1994, ita ta amince da shi a Janairun 2018. Cikin waɗanda suka rubuta shi akwai Evan Prodromou da Christine Lemmer-Webber. Tsarinsa kamar ƙauyuka ne, kowanne da mai garinsa da dokokinsa, amma hanya ta haɗa su. Kowa yana iya kafa gidansa a kwamfutar da ya mallaka ko ya yi haya, ya karɓi mutum goma ko dubu goma. Adireshinka kamar na imel yake, sunanka sannan sunan gidan da kake. In wani daga wani gida ya bi ka, duk abin da ka rubuta gidanku zai aika wa gidansu. Mafi shahara cikin manhajojin da ke kan wannan tsari ita ce Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fara a Jamus a 2016, kuma ta cika da baƙi bayan Elon Musk ya sayi Twitter kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022. Akwai wasu na hotuna, wasu na bidiyo, duk suna jin maganar juna. In wani gida ya zama matattarar zagi da ƙarya, sauran gidaje suna iya yanke hulɗa da shi.

Rauninsa shi ne mai gida mutum ne. Yana iya gajiya, kuɗin haya yana iya ƙare masa. Kana iya ƙaura da mabiyanka zuwa wani gida, amma tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka, kuma sai tsohon gidan yana tsaye ƙaurar take yiwuwa. In ya rushe da dare, sunanka ya rushe tare da shi.

Na biyu daga cikin Twitter kansa ya tsiro. A Disambar 2019 shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, ya sanar da wani shiri mai suna Bluesky. Daga baya shirin ya zama kamfani mai zaman kansa ƙarƙashin wata mata, Jay Graber, suka ƙi ɗaukar ActivityPub, suka rubuta tasu ƙa'idar, AT Protocol, suka buɗe wa kowa ƙofa a Fabrairun 2024. Hujjarsu ita ce raunin da na ambata. A wurinsu sunanka ba a jikin gida yake ba. Rubutunka da hotunanka da jerin waɗanda kake bi duk a ƙunshi ɗaya suke, da hatiminka a kai. Kamar kayan ɗakin mace ne: ko ina zama ya kai ta, gadonta da kwanukanta nata ne, da su za ta tashi. Wannan tunani ya kwanta mini ƙwarai, don shi ne ainihin abin da ƙanwata ta rasa. Sai dai tsarin yana buƙatar manyan injuna masu tattara maganar kowa su rarraba, kuma har yanzu mafi yawan masu amfani da shi a gidan kamfanin Bluesky suke zaune. Masu suka suna cewa linzamin bai bar hannun kamfani ɗaya na Amurka ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya.

Na uku, Nostr, ya fito a wajen 2020, Dorsey kuma ya tallafa masa da kuɗin Bitcoin a ƙarshen 2022. Shi babu gida babu mai gida. Makulli biyu ake ba ka, ɗaya na nuna wa jama'a, ɗaya na sirri. Babu mai iya rufe ka, amma in makullin sirrin ya ɓata ko aka sace, babu ofishin da za ka kai kuka. Ina tuna yadda dattawa da matan aure ke aiko yara rumfar caji a buɗe musu asusu, yaron rumfar ne ma ke riƙe musu lambar sirri a kansa. Wannan mudu ba na kasuwarmu ba ne tukuna.

Su ukun nan ba sa jin yaren juna. Wani injiniya mai suna Ryan Barrett ya gina wata gada, Bridgy Fed, tana tafinta tsakanin Mastodon da Bluesky, amma ko ita sai da aka yi ta cacar baki a kanta a 2024, har aka tsaya a kan cewa sai wanda ya amince za a haye da maganarsa. Ana cikin haka babban ɗan kasuwa ya shigo. Meta, uwar Facebook da Instagram da WhatsApp, ta buɗe Threads a Yulin 2023, ta tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, ta kuma ce za ta bi ActivityPub. Daga Maris 2024 ta fara barin wanda ya so ya kunna hanyar. Wasu gidajen Mastodon suka yi maraba, wasu da yawa suka rufe ƙofa tun kafin baƙon ya yi sallama, suna tuna abin da ya sami XMPP. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce, ina ruwan mai noman albasa a Bakura? Shekarar 2021 ta ba mu amsa. A ranar 4 ga Yuni gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter a Nijeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Kwana 222 aka yi kafin a ɗage a ranar 13 ga Janairun 2022. A tsakanin nan gwamnati ta buɗe asusu a Koo, wani dandali daga Indiya da ya sa Hausa cikin harsunansa, jama'a da dama suka bi ta. Kowa daga sifili ya fara, domin babu hanyar ɗauko mabiya daga wancan gida zuwa wannan. A Yulin 2024 Koo ya rufe saboda rashin kuɗi, abin da aka tara a can ma ya bi ruwa. Sau biyu ke nan aka yi asarar jama'a cikin shekara uku. Burazil ta ga irin wannan a ƙarshen Agustan 2024 da kotu ta rufe X, wato Twitter da sabon sunansa, miliyoyin mutane suka kwarara Bluesky cikin 'yan kwanaki, kowa yana cigiyar mutanensa.

Mu a Zamfara abin da ya same mu a shekarar ya wuce rufe dandali ɗaya. A farkon Satumbar 2021 aka kashe sabis ɗin waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako. Ƙauyuka irin namu sai wajen ƙarshen Nuwamba muka sake ganin sanda a fuskar waya. Ranar 4 ga Oktoba da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida a duniya baki ɗaya, mu a rediyo muka ji. Gaskiya ita ce babu wata ƙa'ida cikin ukun nan da za ta yi mana amfani a lokacin, don in an kashe turken sabis magana ta ƙare. Amma na ga wani abu a rumfar caji da ban manta ba. Duk wanda ya dawo daga Sakkwato sai a kewaye shi. Ya sauko da labarai da karatun malamai da saƙonnin murya na 'yan uwa a wayarsa, sai a yi ta turawa ta Bluetooth da Xender, daga Tecno zuwa Itel, daga Itel zuwa Samsung, wani ya zare memori ya sa a tasa. Abubuwan da suka rage suna aiki a ranar wahala su ne waɗanda ba sa tambayar sunan kamfanin da ya ƙera wayarka.

Duk da haka ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin a wurinmu ya fi nauyi. Buɗe ƙofa yana da haɗari. Badaƙalar Cambridge Analytica da ta fashe a 2018 ta irin wannan ƙofa ta shigo. Mutum kusan dubu 270 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu har kusan miliyan 87, waɗanda ba a taɓa tambayar su ba. Hukumomin Amurka sun ci Facebook tarar dala biliyan 5 a 2019, kuma an ruwaito cewa kamfanin na Cambridge Analytica ya taɓa yin aiki a kan zaɓen Nijeriya na 2015. Tambayar da rigimar Scoble ta tayar tun 2008 tana nan: jerin abokanka naka ne, amma lambobinsu da hotunansu nasu ne. A yankin da sanin wanda ya sayar da shanu jiya ko wanda ɗansa ya turo kuɗi daga Legas yake iya jawo a ɗauke mutum da dare, wannan ba maganar wasa ba ce. Duk tsarin da zai bar ni in ɗauki mutanena, dole ya zama kowannensu ya amince da bakinsa, kuma abin da ya ɓoye ya zauna a ɓoye.

Sai maganar tsaro daga ƙarya da tunzuri. In gidaje suka yi yawa, wa zai riƙa share jita-jitar da ke iya tada gari? A nan ni ina ganin dama ce ta fi yawa. Manyan kamfanoni ba su da isassun masu jin Hausa, balle Hausar Zamfara. Inji ba ya bambance wasan taubasai ko barkwancin Bakatsine da Bagobiri da zagi na gaske, kuma ba ya gane habaicin da ke kiran a ɗauki makami. Gidan da Bahaushe ke kula da shi zai gane. Babu abin da zai hana Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Jami'ar Bayero, ko gidajen rediyonmu, su kafa nasu gida a kan ActivityPub, ɗalibai su kula da shi, marubutan Hausa na intanet su sami inda littattafansu da masu karatunsu ba za su dogara da ra'ayin wani kamfani ba. Manhajar kyauta ce, abin da ake buƙata shi ne kwamfuta mai zama a kunne da mutane masu amana.

In aka tambaye ni wanne mudu ya fi, zan ce ActivityPub ya fi kwanciyar hankali don ba shi da mai shi, AT Protocol kuma ya fi kusa da buƙatar mai sana'a don yana barin ta ta tashi da kayan ɗakinta. Amma mudu komai kyansa, in ba a kasuwar da mutane suke ake awo da shi ba, ado ne. Mutanenmu a WhatsApp da Facebook da TikTok suke. Kuma abin da tarihin waya da banki ya nuna shi ne babban ɗan kasuwa ba ya buɗe ƙofa don kunya, sai hukuma ta tsaya a kansa.

Turai ta fara. Dokarta ta kare bayanai da ta fara aiki a 2018 ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa. Yau akwai wurin da za ka danna a Facebook ko Google ka sauke duk abin da ka taɓa ɗorawa. Sai dai ƙunshi ne ake miƙa maka wanda babu inda za ka kai shi ya tsiro. Ko haɗin gwiwar da Google da Facebook da Microsoft da Twitter suka ƙulla a 2018 don sauƙaƙa ƙaura, hotuna da makamantansu ya fi ɗauka, ba mutane ba. Sai Turai ta ƙara da dokar manyan kasuwannin intanet, wadda daga Maris 2024 ta wajabta wa WhatsApp da Messenger su buɗe hanya ga wasu manhajojin hira, ba tare da an warware sirrin saƙo ba. Wannan dama ga mazauna Turai kaɗai take. Manhaja ɗaya ce a hannun Bajamushe da Bazamfare, amma ƙofar da aka buɗe wa wancan a rufe take ga wannan.

Ba wai ba mu da abin riƙewa ba. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan 'yan Nijeriya, aka kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ambaci haƙƙin ɗaukar bayanai daga wani wuri zuwa wani, ta ba hukumar ikon tsara yadda za a yi. A Yulin 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kotun sauraron ƙorafi kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. Ke nan ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 tana da bakin magana in ta so. Tara tana shiga asusun gwamnati, amma ba ta mayar wa mai humra da masu sayenta.

Kirana ga NDPC da NCC da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA, da 'yan majalisar da muka tura Abuja daga Zamfara ta Yamma, shi ne su nemi wa ɗan Nijeriya abin da aka riga aka ba ɗan Turai: hanyar aika saƙo tsakanin manhajoji, da damar ƙaura da mabiya bisa amincewarsu, da ofishin da mutum zai kai kuka da Hausa in an rufe masa shafin da yake ci da iyalinsa. An yi wa lambar waya haka a 2013, kamfanoni ba su mutu ba.

Kafin wannan rana ta zo, ke mai sayar da atamfa ko kayan miya ta waya, da kai marubuci, da malamin da ke da dubban masu sauraro, ku nemi lambar duk wanda kuke hulɗa da shi da yardarsa, ku rubuta a takarda, ku adana ta inda idon baƙo ba ya kaiwa. Ku kunna matakin tsaro na biyu a asusunku, kada ku ba kowa lambar da aka turo muku ta saƙo ko da ya ce daga kamfani yake, kuma ku riƙa sauke kwafin abin da kuka ɗora ko sau ɗaya a wata uku.